Sharhi: Gyaran kat-kat don taɓon damina, me ya kamata a fara saye?

Da zarar ruwa ya zauna, daga Yuli zuwa Satumba, garejojin Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan cika da Hilux da Land Cruiser. Masu su magana ɗaya suke faɗa wa makanike: a ɗaga motar, a canza mata ƙafa, ta iya shiga taɓo ta fita. Wannan batu ya shafe mu duka, domin waɗannan motocin ne ke kai mu kasuwannin ƙauye, su ne ke ɗauko mai naƙuda zuwa likita idan hanya ta lalace.

Ba mu manta da daminar 2024 ba. Ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai a watan Agusta, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a Satumba, har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. To in kwalta ta sha wannan wahala, ina ga hanyoyin latirit da na daji da ke ratsa Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba, kwarin Tarka ko Magiya?

Mu fara da taya, don nan ne kuɗi ya fi yin aiki. Motocinmu da yawa an shirya su ne don rairayi. Tayar da ke tafiya lafiya lau kan yashi, in ta shiga laƙar fadama sai taɓo ya cike zanenta, ta zama sumul, ta dinga juyawa wuri ɗaya. Tayar taɓo manyan haƙora gare ta, da tazara tsakaninsu, tana juyawa tana watsar da laka. Rage mata iska kaɗan yana ƙara mata kamu. Amma a kan kwalta tana da ƙara, tana cinyewa da wuri, tana kuma ƙara shan mai.

Sai ɗaga mota. Mutane da yawa suna ƙara ganyen sifirin, su ga mota ta yi tsawo, su ce shi ke nan. A'a. Abin da ke fara kama ƙasa cikin rami shi ne pon, wato tukunyar nan ta ƙarfe da ke tsakanin ƙafafu biyu. Ko sifirin nawa aka ƙara, pon yana nan inda yake. Tsawon taya ne kawai ke ɗaga shi. Kuma motar da aka ɗaga sosai, aka lafta mata buhuna da mutane a sama, ta fi saurin kifewa a gangare. Taya mai girman da ya wuce kima ita ma tana wahalar da kuloci, birki da sandunan ƙafa.

Na uku, bututun shan iska da ake fitarwa ta gefen gilashi har saman mota. Amfaninsa a fili yake: injin gazuwal in ya zuƙi ruwa, nan take yake tsayawa, sandunan fistan su lanƙwashe. Sai dai bututun injin kaɗai yake karewa. Ruwa na shiga pon da akwatin giya ta ƙananan ƙofofin numfashinsu. In ka ga man ya koma fari-fari kamar nono, a canza shi. Abu mafi muhimmanci kuwa, babu bututun da ke hana ƙorama mai gudu ta ɗauke mota. Direban da ya tsaya ya jira ruwa ya janye, shi ne gwani.

Akwai kuma kayan da ba su da tsada: shebur, katako masu kauri, jak mai kyau, igiya mai ƙarfi. Ga duba krabo tun kafin damina, a tabbatar ƙafafu huɗun suna ja, a kuma saka shi kafin a shiga taɓo, ba bayan an kafe ba. Bayan an fito, a taka birki a hankali ya bushe, a wanke lakar da ta maƙale.

Yanzu maganar kuɗi. Bayan an rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa sai da suka zagayo ta Lome da Burkina Faso, ga wanda ke shigowa ta Kano. Ƴan uwanmu da ke Libiya, Aljeriya, Gana ko Abijan, masu aiko da kuɗin gyaran motar gida, shawararmu ita ce a bi tsari: birki da krabo tukuna, sai taya, sannan bututu. Ɗagawa ta zo ƙarshe, kuma kaɗan.

Akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba. Motar da aka shirya don taɓo, in ta bi hanyar latirit tana jiƙe da kaya fiye da ƙima, ramuka take bari. Gobe mai amalanke, ɗan kabu-kabu da motar likita su ne za su sha wahala. In direba ya kauce wa rami ya faɗa gonar mutane kuma, ga rigima da manomi. Shingen da ake sa wa manyan motoci bayan an yi ruwa, dalilinsa ke nan.

Don haka muna ganin motar da ta fi cancantar sabuwar taya a kowace karamar hukuma ita ce ta ɗaukar marasa lafiya. Shugabannin ƙananan hukumomi, kwamitocin lafiya da ƙungiyoyin ƴan asalin gari su duba wannan tun watan Mayu. Gyaran mota yana rage wahala, amma magudanan ruwa da ƙananan gadoji ne za su kai mu inda muke so. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.