Raddi ga Masu Cewa an Kori Allah daga Makarantun Amurka

Akwai wata da'awa da ta daɗe tana yawo a mumbarorin coci-coci da gidajen rediyon masu ra'ayin riƙau a Amurka, wadda ke cewa makarantun gwamnati na ƙasar gidajen tarbiyyar Kirista ne tun asali, har sai da Kotun Ƙoli ta kori Allah daga cikinsu a 1962, sannan 'yan ɓangaren hagu, wato masu son gwamnati ta sa hannu wajen rage tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi, suka cike gurbin da wani sabon addini mai suna adalcin zamantakewa. Daga nan suke yanke cewa wajibi ne Kirista na gaskiya ya cire 'ya'yansa daga waɗannan makarantu. Mai sharhin rediyo Glenn Beck ya kai abin ƙarshe a 2010, lokacin da ya shawarci masu sauraronsa da su fice daga duk cocin da suka ji ana wa'azin adalcin zamantakewa a cikinsa.

Tubalin da aka ɗora dukan ginin a kansa shi ne cewa akwai wani zamani kafin 1962 da Kiristoci suka zauna lafiya a aji ɗaya suna karanta Littafi Mai Tsarki, kuma wannan tubali ne ya fi kowane rauni. Gaskiya ne cewa dokar Massachusetts ta 1647, wadda ta wajabta wa duk garin da ya kai iyalai 50 ya ɗauki malami, an kafa ta ne don yara su iya karanta Littafin da kansu, kuma Horace Mann, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta jihar a 1837, ya bar karatunsa a aji ba tare da sharhi ba. Sai dai abin da masu da'awar ba sa son a tambaya shi ne, Littafin wa ake karantawa? Fassarar Sarki James ce ta 'yan Furotesta, wadda cocin Katolika bai amince da ita ba, ana kuma tilasta wa 'ya'yan baƙin haure 'yan Ayalan sauraronta. Da Bishof Francis Kenrick na Filadelfiya ya nemi a ƙyale yaran Katolika su karanta tasu fassarar, maganar ta ruru har ta kai ga tarzomar 1844, inda aka kashe mutane da dama, aka kuma ƙona coci-coci biyu na Katolika ƙurmus. A Boston a 1859 wani malami ya yi ta zane hannun wani yaro ɗan Katolika da bulala saboda ya ƙi karanta Dokoki Goma yadda 'yan Furotesta ke jera su, kotu kuma ta wanke malamin. Wannan shi ne zamanin da ake kuka a kansa yau, kamar wata aljanna da aka rasa!

Saboda haka ne bishof-bishof na Katolika, a taronsu na Baltimore a 1884, suka umarci kowace majami'a ta gina makarantarta. Waɗanda suka fara kai ƙarar karatun Littafi Mai Tsarki a aji ma, kamar iyayen da suka yi nasara a kotun ƙolin jihar Wisconsin a 1890, Kiristoci ne masu ibada, a lokacin da babu wanda ya taɓa jin labarin malaman jami'o'i 'yan ɓangaren hagu da ake ɗora wa laifi yanzu. Wanda bai san wannan ba bai karanta tarihin ƙasarsa ba, wanda kuma ya sani ya ɓoye, to, nasa ya wuce jahilci.

Hukuncin 1962 kansa ba a faɗarsa daidai. A shari'ar Engel, abin da kotu ta soke shi ne wata gajeriyar addu'a da jami'an ilimi na jihar New York suka tsara da kansu don a riƙa karantawa kowace safiya, kuma alƙalin da ya rubuta hukuncin, Hugo Black, a cocin Baptis ya tashi. A shari'ar Schempp ta 1963 an hana makaranta ta jagoranci karatun ibada, amma kotun ta fito fili ta ce ana iya nazarin Littafi Mai Tsarki a matsayin adabi da tarihi. Ɗalibi yana da damar yin addu'arsa, wata doka ta 1984 ta ba ƙungiyoyin ɗalibai na addini damar taruwa a makarantun sakandare kamar sauran ƙungiyoyi, a 2022 kuma kotun ta goyi bayan wani kocin ƙwallo da ke addu'a a fili bayan wasa. Abin da aka hana shi ne gwamnati ta zama limami, kuma abin mamaki ne a ce mutanen da ba su yarda gwamnati ta kula da asibiti ba su ne ke marmarin ta rubuta wa 'ya'yansu addu'a.

Akwai kuma wata shekara da masu da'awar ke tsallakewa, wato 1954, lokacin da hukuncin Brown ya haramta raba yara baƙar fata da farar fata a makarantu. Gundumar Prince Edward ta jihar Virginia ta gwammace ta rufe makarantunta baki ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yaran a aji ɗaya, kuma a faɗin kudancin ƙasar makarantu masu zaman kansu na farar fata zalla suka yi ta tsirowa, da yawansu a harabar coci, da sunan Kiristanci a kan allonsu. Ba a cewa duk iyayen da suka fice wariya ce ta fitar da su, amma wanda ya ba da labarin ficewar bai ambaci launin fata ba ya faɗi rabi ya haɗiye rabi.

Game da cewa adalcin zamantakewa baƙo ne a Kiristanci, amsar ba ta buƙatar dogon zance. Littafin Firistoci ya umarci manomi ya bar gefen gonarsa ga matalauci da baƙo, ya kuma tsara shekarar da ake mayar wa kowa gonar gidansu, littafin Amos kuwa kusan dukansa tsawa ce ga masu danne talaka. Fafaroma Leo na 13 ya kare haƙƙin ma'aikata na samun albashin da zai riƙe su da kafa ƙungiya a 1891, a cikin takardar da ya soki gurguzu a cikinta. Martin Luther King faston Baptis ne, kuma wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963 martani ce ga malaman addini takwas da suka ce ya yi haƙuri. Shi ma an kira shi ɗan gurguzu a zamaninsa, daga irin mumbarorin nan.

Za a iya cewa wasu 'yan ɓangaren hagu suna raina masu addini, kuma wasu darussan da suka shafi jinsi da aure sun saɓa wa abin da iyaye da yawa suka yi imani da shi. Haka ne, kuma fadar Vatican kanta ta yi gargaɗi a 1984 kan masu ɗora tauhidi a kan nazarin Karl Marx. Amma wannan gardama ce a kan manhaja, wadda a Amurka jihohi da hukumomin makarantu na gunduma ke tsarawa, mafi yawan waɗannan hukumomi kuma zaɓensu ake yi, kuma babu abin da ya hana Kirista tsayawa takara.

Shawarar ficewa kuwa ta mai hali ce. Mafi yawan yaran Amurka, har da 'ya'yan masu zuwa coci, a makarantun gwamnati suke, kuma da yake harajin gidaje na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin makarantun, unguwar talakawa ce ke fara jin jiki idan masu ƙarfi suka janye. Masu da'awar ba su faɗi inda ɗan mai wankin kwanuka zai je ba.