Kilomita Biyar: Sulhu ba ya ɗorewa a bayan idon masu tsaron shinge

Ranar 26 ga Satumba, 2015, aka wayi gari da gawar wani matashi Musulmi ɗan acaɓa a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Kafin rana ta faɗi gari ya kama da wuta. Cikin 'yan kwanaki an kashe mutum fiye da 70, dubbai sun sake barin gidajensu, shugabar riƙon ƙwarya Catherine Samba-Panza ta katse halartar babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a New York ta dawo gida, zaɓen da aka tsara yi a watan Oktoba kuma aka ɗage shi. Wanda aka kashe matashi ne. Waɗanda suka fita ramuwa daga unguwar Kilomita Biyar matasa ne, haka ma waɗanda suka tare su a bakin gadoji. Sai dai idan aka zo zaman sulhu, da wuya a ga irinsu a kan kujera.

Kilomita Biyar, wadda mutanen gari ke kira PK5, ita ce cibiyar kasuwancin Bangui. Nan Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi suka kafa shaguna tun zamanin mulkin Faransa, nan kuma babban masallacin Koudoukou yake. Bayan 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, sun kifar da François Bozizé a Maris 2013 sun kuma yi wa jama'a ta'asa, sai mayaƙan Anti-balaka suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba, suka huce fushinsu a kan duk wani Musulmi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa daga Musulmi kusan 122,000 da ke zaune a Bangui kafin rikicin, kimanin 15,000 ne suka rage, an yi musu zobe a wannan unguwa guda.

A wannan hali samarin unguwa suka kafa shingaye suka ɗauki makami, suka kira kansu 'yan kare kai. Duk mai adalci ya san cewa a watannin farko su ne suka tsaya tsakanin iyayensu da masu adduna. 'Yan kasuwa na haɗa kuɗi suna ba su na abinci da na harsashi, da zuciya ɗaya. Amma da hare-hare suka lafa, shingen bai tashi ba, domin ya zama wurin cin abinci. Abin da aka fara da sunan gudummawa ya koma haraji a kan kowane shago da kowace motar kaya, shugabanni irin su Nimery Matar, wanda aka fi sani da Force, suka raba unguwa a tsakaninsu. Yaron da makarantarsa ta rufe yana ɗan shekara 14 ya girma bai san wata sana'a ba sai riƙon bindiga. Wanda ya zo ya ce masa ya ajiye ta, ba tare da ya nuna masa inda zai samu na tuwo gobe ba, bai faɗi abin da zai shiga kunnensa ba.

An gwada manyan abubuwa, kuma sun yi amfaninsu. Babban limamin Katolika Dieudonné Nzapalainga da Imam Oumar Kobine Layama da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou sun zaga ƙasa tare suna cewa wannan ba yaƙin addini ba ne. Fafaroma Francis ya shiga masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamba, 2015, samarin unguwa suka raka shi a kan babura. Bayan mako biyu kacal, ranar ƙuri'ar raba gardama kan kundin tsarin mulki, aka buɗe wa masu zaɓe wuta a cikin unguwar. An gwada ƙarfi ma: a Afrilun 2018 dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA suka shiga don kama shugabannin 'yan kare kai, aka ƙare da jera gawarwaki a ƙofar hedikwatar rundunar. Ranar 1 ga Mayu aka kai hari cocin Fatima, aka kashe Fada Albert Toungoumalé-Baba da masu ibada da dama.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa ƙarami ne a ido. Maƙabartar Musulmin Bangui tana Boeing, unguwar da ke maƙwabtaka da PK5 wajen filin jirgin sama, wadda Anti-balaka suka riƙe. Fiye da shekara biyu babu mai iya kai gawa can. Mutum ya rasu, a yi masa wanka, a yi masa sutura, a sallace shi, sannan a rasa inda za a nufa da makara, har wasu suka riƙa haƙa kabari a tsakar gida. Ranar 11 ga Fabrairu, 2016, bayan watanni ana kai da komo, mutanen PK5 da na Boeing suka sa hannu a yarjejeniyar daina kai wa juna hari, aka buɗe hanyar maƙabarta. Ba a yi wannan da jawabi ba. Dole sai da aka yi magana da samarin da ke riƙe da hanyar, domin su ne za su ga makara ta taho su kauce ko su tare. Kowa ya san abin da zai samu: wannan zai binne mahaifinsa yadda addini ya tanada, wancan zai shiga kasuwa ya sayar da rogonsa ya dawo lafiya. Yarjejeniyar ta sha girgiza, amma ta nuna cewa matashi na riƙe alkawarin da aka yi da shi, a kan abin da yake gani da idonsa.

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 a Disambar 2015, wanda ya nemi a riƙa sa matasa cikin shawarar zaman lafiya, kuma wata 'yar ƙasar, Kessy Ekomo-Soignet ta ƙungiyar URU, na cikin masanan da suka bibiyi aiwatar da shi. Wannan ci gaba ne. Matsalar ita ce wane matashi ake gayyata. Mai Faransanci a baki, wanda ya iya rubuta rahoto, shi ke samun kujera da kuɗin zama. Ɗan acaɓa da ɗan dako da yaron shinge, masu magana da harshen Sango, suna waje, alhali su ke fara jin jita-jita kuma su ke kai ta ƙetaren gada.

Shirye-shiryen da suka nufi waɗannan samari kai tsaye, kamar na MINUSCA na rage tashin hankali a unguwanni, wanda ke koyar da sana'a ga waɗanda ba su cika sharaɗin shiga shirin kwance ɗamara na ƙasa ba, da ayyukan gyaran hanya da yashe kwata da ake biya a hannu, sun fi kusa da ciwon. Aibinsu gajarta. Aikin 'yan makonni ba ya maye gurbin harajin kasuwa na kullum. A ƙarshen Disambar 2019 'yan kasuwar PK5 da kansu suka gaji, suka ɗauki makami a kan yaran da suka taɓa ciyarwa, aka kashe mutum fiye da 30, aka ƙona shaguna, kafin a ayyana unguwar a matsayin wadda aka haramta makami a cikinta. Musulmi ne suka kashe Musulmi a kan kuɗi, a ƙasar da fiye da rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba.

Mutumin Jos ko Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san unguwar da ɗan acaɓa ke sauke fasinja a bakinta ya juya. Ya kuma san Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci samari a ɓangarori biyu lokacin rikicin Kaduna na 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa, kafin su haɗu a 1995 su fara aikin sasanci tare. Samari na saurarensu ne saboda sun san daga inda suka fito.

A Bangui sauran aiki a fili yake. Matasan PK5 da yawa na kokawa da wahalar samun katin ɗan ƙasa, inda ake neman su kawo ƙarin takardun iyaye saboda sunansu na Musulmi ne, kuma babu kati babu aikin gwamnati, babu shiga soja, babu tafiya cikin kwanciyar hankali. Iyalan da suka dawo daga Chadi da Kamaru na tarar da gidajensu a rushe ko a hannun wasu. Kotun duniya ta ICC ta yanke wa jagororin Anti-balaka Alfred Yekatom da Patrice-Edouard Ngaïssona hukunci a Yulin 2025, amma katin da gidan suna hannun gwamnatin Faustin-Archange Touadéra, kuma ba sai ta jira kowa ba kafin ta fara.