Gadon da Majigi Ya Bari

A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa Colonial Film Unit ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in lafiya a Legas. A ganinsa, ɗan Afirka ba ya gane hoto mai sauri. Sai aka tsayar da kyamara cik, aka jera mai hankali da wawa: ɗaya ya bi hukuma ya tsira, ɗaya ya ƙi ya sha wuya. Irinsu motar majigi ta riƙa kaiwa garuruwan Lardin Kano, wanda Dutse ke cikinsa a lokacin.

An rufe sashen a 1955, amma har yau wasannin wayar da kai kan rigakafi sukan mai da mai tambaya wawa. Uwar da ke shakkar allura a Kiyawa amsa take nema, kuma raini ba zai sa ta miƙa ɗanta ba.