Kwaɗo Naka, Mabuɗi A Hannun Wani

Jama'a, tun ran 14 ga watan Oktoba 2025, sa'ad da kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da manhajar nan Windows 10, masu kwamfutar cinya su ke kai na'urorinsu wurin masu gyara domin a ɗora musu Windows 11. Maganar ba ta tsaya ga mutanen birni ba. Dillalin rake na kasuwar Makarfi wanda ya mai da lissafin bashinsa cikin na'ura, da mai sayen tumatir na Ikara, da malamin Hunkuyi a ƙasar Kudan wanda ya tara hotunan littattafan kakanninsa a cikinta, duk abin ya shafe su. Wani ya kan kai tasa lafiya lau, a tsakiyar aiki sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta ƙi motsi, tana neman lambobi 48 waɗanda bai taɓa jin labarinsu ba.

Sunan wannan kwaɗo BitLocker. Aikinsa shi ne ya hargitsa duk rubutun da ke cikin na'ura, yadda ko an ciro ma'ajiyarta an sa a wata, ba mai iya karanta ko harafi guda. Mabuɗin yana wurin wani ɗan ƙanƙanin ƙarfe da ke cikinta, ana kiransa TPM, shi ne kamar mai gadin ƙofa. Kullum aka kunna na'ura sai ya duba ko tana nan yadda ya san ta. In haka ne ya buɗe ba tare da mai ita ya sani ba, in kuwa ya ga an sāke wani abu sai ya riƙe mabuɗi, don yana zaton ɓarawo ne. To, Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta sharɗanta TPM 2.0. Domin cika sharuɗɗanta mai gyara ya kan shiga saitin asali da a ke kira BIOS, ya sabunta shi, ko ya taɓa wurin da aka rubuta Secure Boot, ko ya ɗaga TPM daga 1.2 zuwa 2.0. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya tsorata mai gadi. Wani lokaci ma ba hannun kowa, gama a watan Yuli 2024 wani gyara da Microsoft ya aiko da kansa ya jefa na'urori cikin wannan hali, sai a watan Agusta aka warware.

Masu zagin kwaɗon nan ba su yi masa adalci ba. Wanda aka sace wa jaka a tasha, alhali cikin na'urarsa akwai sunayen masu bashi da lambobin banki, shi zai faɗi amfaninsa. Abin tambaya ɗaya ne, watau mabuɗin na biyu, lambobin nan 48, yana hannun wa?

A nan ne gizo ke saƙa. Galibi na'ura ta kan aika da lambobin nan cikin asusun Microsoft na wanda ya shiga da adireshinsa na imel sa'ad da a ke shirya ta, kuma tun fitowar Windows 11 ta 2024 kullewar ta kan kama da kanta a na'urori masu yawa ba tare da an nema ba. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanen ƙasar nan kuwa na hannu ne, daga Turai da Amurka su ka fito, su ka biyo ta Ikko zuwa Titin Beirut a Kano ko PZ a Sabon Garin Zariya. Wata tana zuwa da kullen ofishin da ya sallame ta a ƙetaren teku. Wata kuma yaron shago ne ya shirya ta, mai saye ba shi da imel ko ya manta kalmar sirrinsa, yaro ya sa nasa don a gama da wuri. Alhaji ya biya kuɗi ya koma Makarfi da na'ura, mabuɗi ya kwana a asusun yaron da watakila bara ya bar shagon. Microsoft kuwa ya bayyana sarai cewa ba ya iya mayar wa kowa da mabuɗin da ya ɓace.

Ai wannan ba baƙon al'amari ba ne ga wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin ko Muhtasar na Halil. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma wanda ya tarar da tsohon aibi ɓoyayye yana da ikon mayarwa. Na'urar da mabuɗinta ke hannun wani, wadda za ta iya rufe mai ita a waje ko wace rana, da wuya a kira ta lafiyayya. Mai shago zai ce shi ma bai sani ba, haka ya saro ta. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, amma rashin sani yana kuɓutar da shi daga laifin algus ne kawai, ba ya soke haƙƙin mai saye. Yanke hukunci kan ko wace ƙara aikin alƙalai ne. Abin da ya rage ga 'yan kasuwa shi ne kada a miƙa kuɗi sai an wanke na'ura gaban mai saye, an shigar da imel nasa na kansa, an nuna masa lambobin da idonsa.

Mai gyara ma da nasa kason. Malaman Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su, kamar maɗinki da marini. Wanda zai taɓa BIOS bai fara dubawa ko akwai kwaɗo ba, bai dakatar da shi ba, bai kwafe takardun mutum ya ajiye gefe ba, ya yi sakaci. Mafi muni shi ne wanda shuɗin allo ya fito masa, ya yi shiru ya wanke na'ura, sa'an nan ya ce wai cutar kwamfuta ce ta cinye kome. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam karatu.

Wanda abin ya riga ya same shi, kada ya yi garaje. Takardunsa suna nan, rufe su aka yi. A kan shuɗin allon akwai wata lambar shaida, sai ya rubuta haruffa takwas na farkonta, ya shiga shafin Microsoft ta waya da duk imel da aka taɓa sa wa na'urar, ya nemi mabuɗin da shaidarsa ta dace. In ba a samu ba a nemi yaron shago tun yana samuwa. In saiti aka juya, a mai da shi yadda ya ke, sau da yawa na'ura ta kan buɗe da kanta. Amma fa kada a yarda a share TPM, domin shi ke riƙe da mabuɗi na fari. Wankewa ita ce ta ƙarshe, kuma da izinin mai na'ura, bayan an gaya masa cewa abin da ke ciki ba zai dawo ba.

Wanda tasa ke aiki yau kuwa, sai ya sa a fito masa da lambobin, kashi takwas ne, ko wane kashi lamba shida. Ya rubuta su da tawada a takarda biyu, wani ya karanta yana bi, don lamba ɗaya in ta kuskure ƙofa ba ta buɗewa. Guda ta shiga gafaka ko akwatin takardun gona, guda wurin amintacce. Kada a ajiye su cikin na'urar kanta, ko cikin jakar da a ke ɗaukarta.