Sammaci Kafin Hukunci

Jihar Legas ta kafa kotun ƙananan ƙararraki a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, domin a gaggauta shari'ar bashi. Amma gaggawa ba hujjar wasa da sammaci ba ce. Wajibi ne masinjan kotu ya damƙa shi a hannun wanda ake ƙara, sa'an nan ya kawo takardar rantsuwa. In mutum ya ɓuya, sai da izinin alƙali za a liƙa masa a ƙofa, domin sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Mai bin bashin da ya yi sakaci a nan, kansa ya cuta: kotun gaba za ta rushe hukuncin, ya koma farko.