Wayar gilashi na tafe, tsofaffin kwamfutocin ma'aikatu fa?

A shekarar 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasar nan. Sai dai ko ta iso, ma'aikacin Sakatariyar Tarayya na iya ci gaba da zaman jiran fayil, domin cikas ɗin yana kan teburinsa.

Layin gilashi mai gigabit 10 yana kawo megabayit 1,250 a daƙiƙa, tunda bit takwas ke yin bayit ɗaya, lissafin da ba kasafai ake yi wa mai sa hannu a takardar kwangila ba. Kafar USB 2.0 kuwa iyakarta megabayit 60 ne, a aikace ma ba ta kaiwa. Fayil mai gigabayit 10 da gilashi zai kawo cikin daƙiƙa takwas, kwafe shi ta wannan kafa sai ya ci aƙalla kusan minti uku. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabayit 200, ko da an haɗa shi ta SATA III.

Saboda haka ma'aikatar da ta ware kuɗin intanet mai sauri, ta manta da sayen faifan NVMe, za ta riƙa biyan saurin da kwamfutocinta ba za su iya ɗauka ba.