Fushin Mai Baro Da Kwanon Shinkafa



Bayan cire tallafin man fetur a 2023, na ji wani mai tura baro a kasuwar Sabon Gari yana zagin wata uwar marayu don ta samu kwanon shinkafar gwamnati, shi da ke wuni a rana bai samu ba. Na tausaya masa, gumi yana da haƙƙi. Sai dai kibiyarsa ta kauce, kuma ɗan siyasa haka yake so. Alhali rabon mabuƙaci a baitulmali haƙƙinsa ne a Musulunci, ba alfarmar mai neman ƙuri'a ba.

Ina fushin ya kamata ya dosa? Turawa sun keɓe wa kansu GRA, suka ajiye baƙi a Sabon Gari. Mulkinsu ya ƙare a 1960, gatan kuwa hannu kawai ya sauya. Mu da muka yi karatu kusan kyauta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, dukiyar wa muka ci? Tallafi ne, wallahi. Ba a kira mu 'yan maula ba domin ba a jera mu gaban kyamara ba.

Shi kuwa mai baron, in ya doshi ƙofar jami'ar, to kayan ɗalibi ya ɗauko.